Kafin ranar tiyatar hanji: me za a saya wa dattijo mai rauni, me za a bari?

Tambayoyin da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke. An gano ciwon daji a babban hanjin dattijo ko dattijuwa, likita ya sa ranar aiki, jiki kuma ya yi laushi, iyali na riƙe da kuɗin da aka harhaɗa ba su san inda za su fara zuba shi ba. Amsoshinmu ba za su tsaya a matsayin likitan da ya duba mai jikinku ba, amma za su sa ku san abin da za ku tambaye shi.

Tambaya: Mahaifinmu yana da shekara 74. An ce za a yi masa aikin hanji nan da mako huɗu. Yayyena maza sun ce wannan ɓata lokaci ne, a kai shi asibitin kuɗi a yi a satin nan, ko a fita da shi Masar. Kafin nan kuma mun hana shi ko fita ƙofar gida, don ya huta. Me kuke gani? (Wata 'yar'uwa daga Gwale)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri. Ku ɗauki makonni huɗun nan a matsayin kashin farko na maganin. Ciwon dajin hanji shekaru yake yi yana girma kafin a gano shi, mako uku ko huɗu ba kasafai suke sauya matakinsa ba, amma suna iya sauya jikin da za a kwantar a gadon tiyata. Abin da ya fi kayar da tsofaffi yakan zo ne a kwanakin bayan aiki: ciwon huhu saboda kwanciya, ɗinkin hanji ya yi yoyo, jini ya daskare a ƙafa, hankali ya rikice. Duk waɗannan sun fi kama wanda ya shiga aiki a rame, jininsa a ƙasa, ƙafafunsa ba ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hutun da kuka sa shi kuwa, ku janye shi yau. An auna an ga tsoho mai lafiya ma, in ya kwanta kwana 10 bai tashi ba, yakan rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa.

Rauni ana gane shi da alamu biyar: rama ba tare da an nema ba, gajiya kullum, damƙar hannu ta yi sanyi, tafiya ta yi nawa, da barin harkokin da aka saba. A gida za ku gan su haka: wandonsa ya yi masa yawa, ya koma salla a zaune, buta cike da ruwa tana rawa a hannunsa, ya daina zuwa masallacin unguwa. In uku sun haɗu, ku faɗa wa likitan tiyata da bakinku, ku nemi a haɗa ku da likitan allurar barci, da masu gashin ƙashi, da masanin abinci tun yanzu, kada a bari sai daren aiki.

Gaskiyar abin da bincike ya nuna ita ce: a wani gwaji da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a Holan da wasu ƙasashe kan mutum 251, waɗanda suka yi shirin mako huɗu sun gamu da munanan matsaloli kashi 17 cikin 100, waɗanda ba su yi ba kashi 30. Wani kuma da aka yi a Kanada a 2020 kan tsofaffi 110 masu rauni sosai bai nuna bambanci ba tsakanin masu shirin kafin aiki da masu yin sa bayan aiki. Ke nan shirin ba lamuni ba ne. Mu dai a ganinmu ya cancanci a yi shi, tunda gyaran jini da abinci da tafiya ba sa cutarwa, kuma su ne abin da ke hannunku.

Batun sauya asibiti, a Kano ne ko a Alƙahira, tambayoyin ɗaya ne. An yi hoton CT na ƙirji da ciki an san inda ciwon ya kai? Likitan yana yawan yin irin wannan aikin? Akwai ɗakin kulawa ta musamman da wurin ajiyar jini a cikin asibitin? Wa zai duba shi in matsala ta taso a dare na biyar? In ciwon a dubura yake, an tattauna ko sai an fara da gashin ciwon daji da allurai kafin wuƙa? Saurin ba da rana ba ya cikin ma'aunin.

Inda ba a jira guda ɗaya ne. In ciki ya kumbura, yana amai, bahaya da tusa sun tsaya, ko jini yana zuba da yawa, hanji ya toshe ko yana gab da haka. A wuce da shi sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Hajiyarmu ta rame ƙwarai, daga kilo 62 ta dawo 55 cikin wata uku. Mai kemis ya nuna mini gwangwanin garin ƙarin kuzari na ƙasar waje, mai tsadar gaske. In saya? (Wani ɗan'uwa daga Kurna)

Amsa: Malam, wannan ramar ta haura kashi 10 cikin 100 na nauyinta, kuma likitoci ba sa wasa da irinta. Mai irin wannan rama akan ba shi aƙalla kwana 7 zuwa 14 na ciyarwa ta musamman kafin aiki, ko da za a ɗaga ranar. Dalili kuwa, da furotin jiki ke haɗe ɗinkin hanji da na fata. In bai samu a abinci ba, tsokar Hajiya zai riƙa ci.

Ma'aunin shi ne giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo a rana. Ga mai kilo 55, wajen giram 66 zuwa 82 ke nan. Koko da tuwo da shayi, waɗanda su ne abin da tsofaffinmu ke iya haɗiya in ba su da lafiya, ba sa kai ko rabin haka. Ga yadda za a cike shi da abin da ke kasuwar Rimi ko bakin titi. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kifi ko kaza ko nama mai laushi kamar faɗin tafin hannu, wajen 20. Kofin kindirmo, 8. Babban cokali uku na garin madara cike taf, 7. Awara yanka huɗu ko biyar, wajen 10. Da safe a dama mata koko da madara a ba ta ƙwai biyu, da hantsi kindirmo, da rana tuwo mai laushi da kifi, da la'asar awara, da dare alale ko farfesun kaza da tsokarsa, kafin barci kofin madara. An haura 70 ke nan. Romon farfesu kaɗai ba ya shiga lissafi, a tsokar furotin yake. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau shida, domin babban kwano yana kashe wa mara lafiya sha'awar ci tun kafin ya sa hannu. A ƙara cokalin mai ko man shanu a abincinta don kuzari.

Wajen sayen madara ku juya gwangwanin ku karanta. Cikakkiyar madarar gari tana da furotin wajen giram 24 zuwa 26 a cikin giram 100. Akwai farin garin da ake zuba wa shayi wanda kusan mai ne da sukari zalla, haka ma madarar ruwa mai kauri mai zaƙi. Ta awo da ake ɗiba daga buhu ba ka san wacce aka ba ka ba. Nonon da aka sayo a ƙwarya kuma, a tabbatar an dafa madarar kafin ta kwana, domin wannan ba lokacin gudawa ba ne.

Gwangwanin da aka nuna maka yana da ranarsa. In Hajiya ta yi mako ba ta iya cin rabin abin da ta saba, ko tauna ta gagare ta, to ka saya, a ba ta tsakanin abinci sau biyu ko uku a rana, ƙari a kan abincin. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In tana ci, kuɗinsa ya fi amfani a kiret ɗin ƙwai.

Hattara biyu. In likita ya ce ƙarin ciwon dajin ya matse hanyar hanji, ko tana fama da murɗa da kumburi bayan cin abinci, a janye mata abinci mai ɓawo da zare: wake da ɓawonsa, gyaɗa, dafaffiyar masara, kwaɗon zogale da rama, ɓargon lemo, mangwaro mai zare. Suna iya cunkushewa a wurin da ya matse. Alalen da aka surfe wakensa tas ya fi sauƙi. In kuma tana da ciwon ƙoda, kada a ƙara furotin sai da izinin likita. Ku sayi sikeli, ku auna ta sau ɗaya a mako da safe, ku rubuta.

Tambaya: An auna jinin maigidana an ce PCV ɗinsa 27 ne. Muna ba shi lemon malt da madara, da zoɓo, da maganin ƙarin jini na ruwa. Saura mako uku aiki. Ya isa? (Wata baiwar Allah daga Hotoro)

Amsa: Hajiya, bai isa ba. PCV ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini ne, kuma 27 daidai yake da hemogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iska a jini) wajen 9, alhali ana so mai shiga babban aiki ya kusanci 13. Ƙarin da ke hanji yana tsiyayar da jini a hankali, sau da yawa ido ba ya gani, har ajiyar sinadarin ayon, wanda jiki ke yin jini da shi, ta ƙare. Malt da madara suna ba da kuzari amma kusan babu ayon a cikinsu, jan zoɓo kuma launi ne kawai. Yawancin magungunan ruwan nan ayon ɗinsu kaɗan ne idan aka gwada da kuɗinsu.

Ku nemi a yi masa gwajin feritin, shi ke nuna ajiyar ayon. Ƙasa da 30 rashi ne ƙarara, a mai ciwon daji kuma ko ƙasa da 100 ne ana ɗaukar sa rashi. Ƙwayar ferrous sulphate mai miligiram 200, wadda ke ɗauke da miligiram 65 na ayon, ita ce mafi araha, guda ɗaya a rana ko bayan kwana bibbiyu, ba tare da shayi ko madara ba domin suna hana ta shiga jiki. Matsalarta jinkiri: tana son mako shida ko fiye, tana baƙanta bahaya, tana iya ɗaure ciki, kuma dole a tsayar da ita wajen mako guda kafin gwajin leƙa hanji da na'ura. Ga mai mako uku, abin da za ku tambayi likita shi ne ayon na jijiya, wanda ake sawa a ƙarin ruwa. Akwai iron sucrose da ake bayarwa miligiram 200 sau da dama, akwai ferric carboxymaltose da ake iya ba da har miligiram 1000 a zama ɗaya, ya fi tsada amma ya rage zirga-zirga. Ko wanne ne, yana bukatar mako biyu zuwa uku kafin jini ya ɗago, saboda haka a satin nan ya kamata a yi. A asibiti kaɗai ake sa shi, inda za a iya ceto mutum in jikinsa ya ƙi shi. Kada a kira mai allura gida.

Ƙarin jini na leda ana ajiye shi ne ga wanda jininsa ya faɗi ƙwarai, ko yake haki da jiri, ko ranar aiki. Duk da haka ku fara tara masu bayarwa tun yanzu, a gwada su, kada ranar ta zo kuna kiran waya.

Tambaya: Ɗana da ke Abuja zai aiko wa mahaifinsa keken motsa jiki da na'urar nan ta busawa mai ƙwallaye uku. Wanne ya fi? (Wata uwa daga Tarauni)

Amsa: Mama, ki ce masa ya riƙe kuɗin keken. Tsohon da bai saba da shi ba yakan hau sau biyu ya bari, ga haɗarin faɗuwa wajen hawa da sauka. Abin da ake bukata kujera ce mai ƙarfi marar taya, takalmi mai rufe dunduniya maimakon silifas, sanda in yana tangaɗi, da gorar ruwa biyu.

Ku fara da awo. A jingina kujerar da bango, ya zauna ya rungume hannuwansa a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai miƙe ya zauna cikin daƙiƙa 30. Sannan ya yi tafiyar minti 6 daga zaure zuwa ƙarshen tsakar gida yana dawowa, a ƙirga zagayen. Wanda bai kai mita 400 a minti 6 ba yana cikin waɗanda aka fi sa wa ido. A rubuta, a maimaita duk mako, a nuna wa likita. Shi kansa mai jikin in ya ga 6 ta zama 9, zuciyarsa takan ƙarfafa fiye da duk lallashin da za ku yi masa.

Tafiya kullum, a fara da minti 10 sau biyu ko uku, a riƙa ƙara minti biyu bayan 'yan kwanaki har jimilla ta kai minti 30 zuwa 40. Saurin da ake so shi ne wanda zai iya amsa gaisuwa amma ba zai iya jan doguwar hira ba. Bayan asuba da bayan la'asar sakaliya sun fi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Kano ke haura 40. In hunturu ne, ya jira ƙura ta lafa, ya sa takunkumi. Komawa jam'i a masallacin unguwa, da wani a gefensa, tafiya ce sau biyar da ba sai an tuna masa ba. Bayan kwana bibbiyu a ƙara aikin tsoka: tashi da zama sau 10, ɗaga dunduniya yana dafe da bango sau 10, ɗaga gorar ruwa ta santilita 75 a kowane hannu sau 10, a huta a sake zagaye na biyu. In an gama a ba shi madara ko ƙwai cikin sa'a guda. A tsaya nan take in ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko hakin da ya hana shi magana. Mai ciwon zuciya ko wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, likita ya fara gani.

Na'urar ƙwallayen ba ta da tsada, ba laifi a saya, sai dai zuƙa ake yi da ita, ba busawa ba, kuma mutane da yawa suna juya abin. Ko babu ita, ya koyi wannan: ya ja numfashi ta hanci har ƙasan haƙarƙari ya buɗe, ya riƙe daƙiƙa 3, ya saki a hankali, sau 10, sannan ya danna matashi a ciki ya yi tari mai ƙarfi. Sau uku a rana yanzu, duk sa'a guda bayan aiki. Wanda bai koya da lafiyayyen ciki ba, ba zai koya da ɗinki ba. In yana shan taba ko shisha, a daina yau, domin huhu da rauni suna son aƙalla mako huɗu kafin a ga amfanin.

Tambaya: Shekara guda muna yi wa Baba maganin basir na gargajiya kafin a gano ciwon. Ya ci gaba da sha? Yana kuma shan na suga da na hawan jini. (Wani matashi daga Ɗorayi)

Amsa: A tsayar da na gargajiyar, aƙalla mako biyu kafin aiki, kuma a faɗa wa likitan allurar barci abin da ya sha ba tare da jin nauyi ba. Jiƙe-jiƙen wankin ciki irin su filasko suna tilasta wa hanji matsawa, in akwai ƙari a gaba abin na iya kaiwa ga fashewa, ga zubar da ruwa da gishirin jiki. Haka magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen, suna taɓa ƙoda suna ƙara zubar jini.

Ku zuba duk abin da yake sha a leda guda, har da na barci da na ƙarin kuzari, ku kai asibiti. Likita zai rubuta wanda za a tsayar da ranar tsayarwa. Masu tsinka jini irin su clopidogrel da warfarin akan dakatar da su kwanaki kafin aiki, wasu na suga da na hawan jini kuma a safiyar ranar, amma kada ku yanke wannan da kanku. A yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a 'yan watannin baya, in ya haura 8.5 a gyara sugan tukuna, domin rauni ba ya haɗewa da kyau a cikin suga mai yawa. In an rubuta maganin wanke hanji na daren aiki, ku sayi ainihin wanda aka rubuta, kada mai kanti ya musanya muku, wasu nau'o'in suna lalata ƙodar tsoho. Mai rauni gara ya sha shi a kwance a asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Azumin nafila kuma a ajiye shi, na Ramadan ma mara lafiya yana da rangwame.

Tambaya: An ce wataƙila a fitar wa mahaifina hanji ta ciki a sa masa jaka. Ya ce gara ya mutu da ya tsaya gaban Ubangiji da najasa a jikinsa. Ni kuma ban san irin jakar da zan saya ba. (Wani ɗan kasuwa daga Fagge)

Amsa: Alhaji, maganar mahaifinka ta mai kishin ibadarsa ce, kada a yi masa gardama, a kawo masa ilimi. Malamai sun daɗe da sanin hukuncin wanda najasa ke fita masa ba da ikonsa ba, kamar mai yoyon fitsari, kuma a wannan babin na masu uzuri suke sa mai jaka: yana alwala, yana sallarsa. Ka ɗauko malamin da ya yarda da shi ya zauna da shi, ya ji daga bakinsa. Ka kuma roƙi ma'aikatan jinya su haɗa shi da wani dattijo mai jaka da ya yarda a gan shi. In ya ga mutum cikin babbar riga ya zo da ƙafarsa, ba wari, ba alama, rabin tsoron ya tafi. Sannan a tambayi likita ko ta wucin gadi ce. Sau da yawa ana yin ta ne don ɗinkin da ke ƙasa ya warke, a mayar bayan wasu watanni. Ga mai rauni ƙwarai kuma, wani lokaci jakar ita ce hanya mafi aminci, domin yoyon ɗinki ne abin da jikinsa ba zai iya ɗauka ba.

Kafin ranar aiki a sa alama a inda za a fitar da hanjin, yana zaune, yana tsaye, yana ruku'u, a kauce wa lanƙwasar fata da cibiya da inda zariyar wando ke bi. Mace a duba inda take ɗaura zani. Wurin da aka zaɓa ba daidai ba shi ke jawo yoyon jaka na shekaru.

Wajen saye, kada ka cika gida da kwali tun yanzu. Bakin hanjin yana kumbura bayan aiki, yana raguwa cikin mako 6 zuwa 8, girman da ya dace yau ba zai dace ba nan da wata biyu. Ka fara da guda 10 zuwa 15, masu buɗewa ta ƙasa a zubar, masu haske da ake ganin ciki, waɗanda ake yanka bakinsu da almakashi. A yanka ramin ya fi bakin hanjin da milimita 2 zuwa 3 kacal. In ya yi faɗi bahaya zai ci fata, in ya matse zai yanki hanjin. Jakar iri biyu ce. Mai haɗe guda ɗaya ta fi sauƙi ga tsoho. Mai gida biyu, wadda faifanta ke zama a fata ana sauya jakar kaɗai, ta fi tsada amma ta fi tausaya wa fata. Kowacce kan yi kwana 3 zuwa 5, gumin bazara yana rage hakan, saboda haka ka lissafa kuɗin wata-wata, ka tabbatar da inda za ka riƙa samu kafin ta ƙare, ka ajiye su inda ba rana. A zubar in ta kai kashi ɗaya cikin uku, da kuma kafin salla. Ruwa zalla ake wanke fatar da shi a busar sosai, man shafawa yana hana ta kamawa. In ƙaramin hanji aka fitar, bahayan ruwa ne mai yawa, a ajiye garin ORS a gida, domin a zafin nan tsoho na iya bushewa cikin yini guda.

A ba shi jaka ɗaya tun yanzu ya riƙe, ya manna, ya yi salla da ita kwana biyu.

Tambaya: Mun ɓoye wa Inna sunan ciwon, mun ce mata ƙari ne kawai. Mun yi daidai? (Wasu 'yan'uwa daga Sharaɗa)

Amsa: Mun san tausayi ne ya sa, amma ba mu goyi bayan a ci gaba da haka ba. Ita za ta sa hannu a takardar yarda, ita za ta ci ƙwan da ba ta sha'awa, ita za ta tashi ta taka washegarin aiki da ɗinki a ciki. Wanda bai san dalili ba, ba ya jure wannan. Yawancin iyayenmu kuma sun riga sun gane daga fuskokinku, sai su yi shiru don kada su tayar muku da hankali, kowa ya kwana da damuwarsa shi kaɗai. Ku tambaye ta: Inna, kina so likita ya yi miki bayani duka, ko kin wakilta ɗayanmu? In ta ce ta wakilta, haƙƙinta ne. In ta ce a faɗa mata, a yi a zaune, da mutum ɗaya ko biyu da ta fi sakewa da su, a bar ta ta yi tambaya, ta faɗi wasiyyarta in tana so. A bayyana mata abin da za ta farka ta gani: robar fitsari, ƙarin ruwa, wataƙila roba a hanci ko a gefen ciki. In barci ya ƙaurace mata ko ta daina magana da ci, a faɗa wa likita, kada a sayo mata ƙwayar barci.

Ku kuma san wannan tun yanzu. Tsofaffi da yawa hankalinsu yakan rikice a kwana biyu ko ukun farko bayan babban aiki. Za ta iya kiran waɗanda suka rasu, ta fizge roba, ko ta yi shiru tana ta barci. Ba gamo ba ne, ba kuma hauka ba. Alama ce da ke bukatar a kira ma'aikacin jinya a lokacin, domin zazzaɓi, ƙarancin ruwa, ciwo, ko yoyon ɗinki na iya zama sanadi. Abin da ke rage shi yana hannun mai jinya: tabarau da haƙoran roba da na'urar ji su koma jikinta da zarar ta farka, a buɗe taga da rana, a riƙa faɗa mata ranar da lokacin salla, carbinta na hannunta, fuska ɗaya da ta sani ta riƙa kwana da ita. 'Yan dubiya a taƙaita su, ɗaki cike da mutane yana ƙara ruɗa ta. In dama tana da mantuwa, a sanar da likita kafin aiki.

Kafin a sallamo ta, ku tanadi kujerar bahaya in masan gidan na tsuguno ne, da gado ko katifa mai tudu da za ta iya tashi ba tare da ta yunƙura da ciki ba. Ku sa kuɗin allurar hana daskarewar jini a lissafi, domin bayan aikin ciwon daji na ciki akan ci gaba da ita har kwana 28. Ku karɓi lambar da za ku kira, kuma in zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, sabon ciwon ciki, amai, ko kumburin ƙafa ɗaya ya bayyana a mako biyun farko, ku koma asibitin da aka yi aikin a ranar.